Garin Neman Gira: Ƙure Gudun Katin Hoton Kwamfuta da Hanyoyin Farfaɗo da Shi

Gabatarwa

A shekarun baya, idan aka ambaci kwamfuta a garuruwa irin su Sabon Birni da Isa, abin da kan faɗo wa mutum a rai shi ne na'urar buga takardu da ke sakatariyar ƙaramar hukuma. Yau al'amarin ya sauya. Tun daga shigowar wayar salula Nijeriya a shekarar 2001, da kuma mayar da jarrabawar JAMB kacokan kan kwamfuta a 2015, wannan na'ura ta zama abin neman abinci ga matasa da dama a ƙasar Gobir. Akwai masu ɗaukar bidiyon biki da suna, da masu tsara katin gayyata da hotunan 'yan takara, da masu tura fina-finai da karatuttukan malamai cikin waya, da masu gidajen wasan kwamfuta. Ga mai tace bidiyo ko mai gidan wasa, sau da yawa babu abin da ya kai katin hoto tsada a cikin akwatin kwamfutarsa, kuma babu abin da ya fi jefa shi cikin tashin hankali kamar ranar da ya kunna na'ura ya ga sikirin baƙi ƙirin.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo wannan matsala shi ne ƙure gudun kati, wanda masu sana'ar ke kira ofakulokin, wato tilasta wa katin yin aiki da saurin da ya zarce wanda kamfani ya tsara masa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, a yanayin zafi irin na gabashin Jihar Sakkwato, ƙure gudu ciniki ne da faɗuwarsa ta fi ribarsa. Haka kuma, katin da ya ƙi nuna hoto bayan an ƙure shi, a mafi yawan lokaci suma ya yi, kuma ana iya farfaɗo da shi idan aka bi matakai cikin natsuwa. Abin takaici shi ne, gaggawar mai gyara kan ƙarasa abin da ƙure gudun ya fara.

Mene ne Katin Hoto?

Katin hoto wani allo ne da ake soka shi a jikin babban allon kwamfuta, aikinsa shi ne lissafa launi da matsayin kowane ɗigo da ke bayyana a sikirin. A tsakiyarsa akwai wani ɗan gutsuren silikon mai ɗauke da biliyoyin ƙananan makunnai da ake kira taransisto, kewaye da shi kuma akwai ma'adanar bayanai, da sashen da ke daidaita wutar lantarki, da ƙarfen shan zafi, da fanka. Kamfanin Nvidia na Amurka ne ya yayata sunan GPU a shekarar 1999, lokacin da ya fitar da katin GeForce 256, kuma a yau shi da AMD da Intel ne manyan masu ƙera ƙwaƙwalwar irin waɗannan katuna.

Duk waɗannan makunnai suna aiki ne bisa wani bugu na bai ɗaya, kamar yadda manoma a gayya ke sara fartanya bisa bugun ganga. Katin zamani kan yi bugu biliyan ɗaya da rabi zuwa biliyan biyu da rabi a kowace daƙiƙa. Mai ƙure gudu yana hanzarta makaɗin ne. To amma idan kiɗa ya yi sauri fiye da yadda hannu zai iya bi, sai sara ya rikice. Domin makunnan su iya bin sabon bugun, akan ƙara musu ƙarfin turin lantarki, wato bolt, kuma a nan ne gizo ke saƙar.

Lissafin Zafi

Masana lantarki sun tabbatar da cewa wutar da irin waɗannan makunnai ke ci tana ƙaruwa daidai da saurin bugu, sannan tana ƙaruwa da ninkin bolt a kan kansa. Alal misali, idan aka ƙara sauri da kashi 10 cikin 100, aka kuma ƙara bolt da kashi 10 cikin 100, lissafin zai kasance 1.1 sau 1.1 sau 1.1, wato 1.33. Ma'ana, an sami ƙarin sauri na kashi 10, an biya da ƙarin zafi na kashi 33. Katin da ke cin wat 200 zai koma cin kimanin wat 266, kuma kusan dukkan wannan wuta zafi take komawa. A ɗaya ɓangaren, aikin tace bidiyon da ke ɗaukar minti 60, ko da an sami cikakkiyar ribar, zai koma minti 54 da rabi ne kawai.

Abu na biyu da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki take hurawa a kan ƙarfen shan zafi, saboda haka zafin kati yana hawa ne a kan zafin ɗaki. A ƙaddara katin da ke fin ɗakinsa zafi da digiri 50 idan yana cikin aiki. A ɗakin da ke kan digiri 22 a ma'aunin Salshiyas, irin wanda mafi yawan masu koyar da ƙure gudu a intanet ke zaune a ciki, katin zai tsaya a kan 72. A shagon kwano a Sabon Birni cikin watan Afrilu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40, katin nan zai doshi 92 tun ba a taɓa masa komai ba. Yawancin katuna kan fara rage gudun kansu idan zafinsu ya haura digiri 80 da 'yan kai. Ashe ke nan wanda ya ƙure gudu a bazara yana iya ƙarewa da katin da ya fi na jiya nawa. Hausawa na cewa sauri ya haifi nawa.

Darasi Daga Ilimin Halittu

Dokar zafi ɗaya ce a kan mai rai da marar rai. A shekarar 1889, masanin kimiyya ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya bayyana yadda saurin haɗuwar sinadarai ke ƙaruwa da ƙaruwar zafi. A jikin halittu, ƙarin digiri 10 kan ninka saurin ayyuka da yawa sau biyu zuwa uku. Wannan ne dalilin da ya sa nono ke saurin tsami da bazara, kuma ƙadangare ke fita shan hantsi kafin ya iya gudu. Injiniyoyi ma suna da irin wannan ƙiyasi game da kafasito mai ruwa a ciki: kowane ƙarin digiri 10 yana rage tsawon rayuwarsa da kusan rabi. Bugu da ƙari, a ƙarshen shekarun 1960 James Black na kamfanin Motorola ya nuna cewa yawan wuta tare da zafi suna zaizaye siraran wayoyin da ke cikin silikon sannu a hankali, kamar yadda ruwan damina ke cin gaɓar gulbin Rima, har wata rana hanya ta yanke.

Ilimin halittu ya kuma bambanta lahani iri biyu. Manomin da rana ta galabaitar, idan aka kai shi inuwa aka ba shi ruwa, yakan dawo hayyacinsa. Idan kuwa zafin cikin jikinsa ya haura digiri 40 ya daɗe a haka, sinadaran furotin da ke tafiyar da ayyukan jiki sukan fara sauya siffa, ƙwaƙwalwa da ƙoda su sami lahanin da ba lalle ne ya warke ba. Ƙwan da aka dafa ba ya komawa ɗanye. Haka katin hoto yake: akwai rikicewar saiti, wadda suma ce, akwai kuma ƙonewar sassa, wadda ita ce dafuwar ƙwai. Babban aikin mai gyara shi ne ya gane wanne ne a gabansa kafin ya ɗauki ƙarfen narka dalma.

Raƙumi, wanda ba baƙo ba ne a kasuwannin wannan yanki, yana da abin koyarwa. Binciken da Knut Schmidt-Nielsen da abokan aikinsa suka gudanar a hamadar Aljeriya cikin shekarun 1950 ya nuna cewa raƙumin da ke cikin ƙishirwa yakan bar zafin jikinsa ya sauka zuwa kimanin digiri 34 da asuba, sannan ya hau a hankali zuwa sama da 40 da yamma. Wato yana fara wuni da rarar sanyi da zai ci a cikinta. Tazarar da kamfani ya bari tsakanin gudun kati da iyakar ƙarfinsa ita ce irin wannan rara. A ƙasashe masu sanyi mai kati na iya yin wasa da ita. A ƙasar Gobir kuwa, rana da ƙura sun riga sun cinye mafi yawanta.

Matakan Farfaɗo da Kati

Likita nagari yakan fara da tambaya kafin ya rubuta magani. Tambayar farko ga mai kati ita ce: me aka taɓa na ƙarshe? Amsar ce za ta nuna matakin da ya dace daga cikin waɗannan.

1. A kashe kwamfuta, a zare ta daga wuta, a bar ta ta huce. A buɗe akwati a duba, a kuma sansana. Idan akwai ƙauri, ko baƙin tabo, ko kafasiton da ya kumbura, kada a sake kunnawa, domin katin da ya haɗa wuta yana iya jan babban allo su tafi tare. Wannan aikin ƙwararre ne.

2. Idan hoto yana fitowa da farko, sai ya ɗauke ko ya daskare da zarar Windows ta gama tashi, to labari ne mai daɗi. Alama ce cewa manhajar ƙure gudu, irin su MSI Afterburner, tana ɗora mugun saitin a duk lokacin da aka kunna. Sai a shiga yanayin kariya na Windows, wanda masu gyara ke kira sef mod, inda irin waɗannan manhajoji ba sa tashi. A Windows 10 da 11, katse tashin na'ura sau biyu ko uku a jere yakan buɗe shafin gyara da ake bi a shiga can. Daga nan a cire manhajar tare da saitinta, a goge direban katin gaba ɗaya, a ɗora sabo. Mafi yawan matsalolin ƙure gudu a nan suke ƙarewa, saboda katunan zamani suna da iyakar wuta da ta zafi da manhaja ba ta iya tsallakewa cikin sauƙi.

3. Idan babu hoto ko kaɗan, a cire katin, a mayar da wayar sikirin ramin babban allo idan ƙwaƙwalwar kwamfutar tana da nata sashen hoto, ko kuma a ari wani katin. A cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin babban allo na 'yan mintoci, domin saitin allon ya koma yadda ya zo daga kamfani. A share haƙoran katin, a mayar da shi da kyau, a tabbatar wayoyin wutarsa masu baki 6 ko 8 sun shiga. Yana da muhimmanci a gwada katin a wata kwamfutar, domin sau da yawa akwatin wuta ne ya gaza ɗaukar ƙarin nauyin, aka ɗora wa kati laifi.

4. Idan an taɓa manhajar da ke cikin katin kansa, wato BIOS, aka ɗora wadda ba tasa ba ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗorawa, katin zai yi shiru kamar matacce alhali sassansa lafiya lau. Wasu katuna suna da ɗan makunni a gefe mai sauyawa zuwa BIOS ta biyu. Idan babu, akan tayar da kwamfuta da wani katin, a mayar da ta asali ta amfani da manhajar nvflash ga katunan Nvidia ko amdvbflash ga na AMD. Wajibi ne ta dace da samfurin katin daidai, kuma kada a soma wannan aiki sai a kan batiri ko inbata da aka amince da su. In duk wannan ya ci tura, ƙwararru suna da ƙaramar na'ura da ke rubuta BIOS kai tsaye a jikin ƙwayar da ke ɗauke da ita.

5. Idan katin ya tashi amma ɗige-ɗige ko layuka masu launi suna bayyana ko da a gudunsa na asali, to akwai alamar lahani a ma'adanar bayanai ko a mahaɗan dalma. A kakkaɓe ƙura, a sauya man da ke tsakanin silikon da ƙarfen shan zafi, a rage gudun ƙasa da na kamfani. Kati da yawa kan ci gaba da aikin tace bidiyo a haka, kamar tsohon jakin da aka rage wa kaya.

Abin da Ya Kamata a Guje wa

Akwai wata dabara da ta yaɗu, ta gasa kati a tanda ko hura masa wuta da na'urar zafi ba tare da ma'auni ba, wai domin dalmar da ta tsage ta sake haɗewa. Wani lokaci katin kan farfaɗo na 'yan kwanaki ko makonni, wanda hakan ya isa a sayar wa wani bawan Allah da shi, sannan ya mutu murus. Haɗin kuza da dalma yana narkewa ne a digiri 183, haɗin da ba shi da dalma kuwa, wanda ya zama ruwan dare tun da Tarayyar Turai ta fara aiki da dokar taƙaita ta a 2006, sai wajen digiri 217. Kafin a kai wannan zafi, roba ta narke, kafasito na iya fashewa, hayaƙi mai cutarwa ya cika ɗaki.

Batun dalma ba abin wasa ba ne ga mutanen wannan yanki. Isa tana maƙwabtaka da Shinkafi ta Jihar Zamfara, jihar da gubar dalma ta hallaka yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a annobar da ta bayyana a 2010. A can, niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje ne ya jawo ta, amma gubar ɗaya ce da wadda ke cikin tsofaffin batura da zaren dalmar da masu gyara ke amfani da shi. Jikin yaro yana tsotse dalma fiye da na babba, kuma tana lahanta ƙwaƙwalwa lahani na dindindin. Don haka bai dace a yi aikin narka dalma a inda ake girki ba, ko a bar wa yara matattun alluna su yi wasa da su, ko a ƙone su a bola domin cire jan ƙarfe. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an sarrafa ta hanyar da ta dace. Duk katin da aka farfaɗo da shi, an rage wannan tuli.

Hujjar Masu Ƙure Gudu

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Matashin da ke ƙure gudu ba ganganci kaɗai ke tura shi ba. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yunin shekarar, farashin kayan kwamfuta ya yi tashin gwauron zabo, kuma kowane minti da janareta ya ƙara yana ci daga ribarsa. Idan ba zai iya sayen sabon kati ba, me zai hana ya tatsi tsohon? Ban da haka, ta irin wannan gwaje-gwaje ne matasa da yawa suka koyi sirrin na'ura, kuma al'ummar da ke tsoron taɓa na'ura ba za ta taɓa ƙera ta ba.

Wannan hujja tana da ƙarfi, sai dai ta manta da abubuwa biyu. Na farko, yawancin katunan da ke isowa nan na hannu ne. Bayan da tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙa a watan Satumban 2022, ɗimbin katunan da suka shafe shekaru suna aiki dare da rana sun kwararo kasuwannin gwanjo na duniya. Mai saye ba ya sanin tarihin abin da ya saya, kuma sukuwa a kan dokin da ba a san shekarunsa ba kasada ce. Na biyu, kuɗin kuskure a nan ya fi na birni. Mai shago a Kano zai iya shiga kasuwa ya dawo kafin la'asar. Na Sabon Birni ko Isa kuwa sai ya rufe shago, ya hau hanyar Sakkwato wadda matsalar 'yan bindiga ta sa matafiya ke bin ta cikin fargaba, ya bar bidiyon bikin mutane a ajiye. Minti biyar da rabi ba su kai wannan ba.

Mai son gwaji yana da hanyar da ta fi wannan riba, wato rage bolt. Lissafin da ya gabata yana aiki ta baya ma: idan kati ya amince da ragin kashi 10 na bolt a gudunsa na asali, 0.9 sau 0.9 ya ba da 0.81, zafi da cin wuta sun ragu da kusan kashi 19. Katin da ya yi sanyi ba ya rage gudun kansa, kuma batirin sola yana ƙara daɗewa. Idan ragin ya yi yawa, iyakaci na'ura ta daskare a koma mataki na biyu, babu abin da zai ƙone.

Shawarwari

Ga masu shaguna: a ɗaga kwamfuta daga ƙasa, a kakkaɓe ƙurarta a kai a kai musamman lokacin hunturu, a mayar da ayyuka masu nauyi zuwa asuba ko dare a watannin Maris zuwa Mayu, a kuma zare ta daga wuta idan hadari ya taso. Kafin a taɓa kowane saiti, a kwafi BIOS ta asali da manhajar GPU-Z, a adana ta tare da direbobi a cikin filas. Mazauna wannan yanki ba su manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki har da Isa da Sabon Birni. Wanda duk kayan gyaransa ke intanet, a irin wannan lokaci hannunsa ya ɗaure.

Ga hukumomi da makarantu: shirye-shiryen koyar da sana'a sun fi mayar da hankali kan yadda ake amfani da kwamfuta, alhali ƙarancin da ake fama da shi na masu gyaran allo ne, waɗanda suka iya riƙe mitar awon lantarki suka kuma san dalilin abin da suke yi. Ya kamata kwalejojin fasaha da ƙananan hukumomin biyu su shirya gajerun kwasa-kwasai cikin harshen Hausa ga masu gyaran waya da ke akwai, a haɗa musu da ilimin kare kai daga gubar dalma, a kuma ware wurin tattara matattun alluna da batura nesa da rijiyoyi da fadamu.

Kammalawa

Katin hoto, kamar kowace halitta, yana da iyakar zafin da zai iya ɗauka, kuma mazaunin Gobir ya fi kusa da wannan iyaka fiye da wanda ya ƙera katin. Wanda bai riga ya ƙure nasa ba, ya auna ribar da asarar kafin ya taɓa. Wanda kuma ya riga ya ƙure har sikirin ya yi baƙi, kada ya yi saurin jefarwa ko gasawa. Ya fara daga mataki mafi sauƙi, ya sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, ya rubuta abin da ya gani, ya kuma san inda iliminsa ya tsaya domin ya miƙa wa wanda ya fi shi. Wannan ita ce hanyar kimiyya, ko a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a ko a shagon kwano a bakin kasuwar Isa. Wanda ya kauce mata, garin neman gira yana iya rasa ido.